Kwanon Sarki a Rijiyar Kebbe

Rubuta yadda nake faɗa maka, ɗana. In kuka ya zo mini ka jira ni.

Maigidana haƙar rijiya ya gada. A zamanin Turawa muka tashi daga Tambuwal zuwa Kebbe, da aka ce a haƙa rijiya a bakin kasuwa. Tun kakanninsa, mai shiga rami yakan naɗa gammon tsumma mai kauri, ya jiƙa, ya ɗora a ka. In dutse ya faɗo sai ya nutse a tsumman ya tsaya nan.

Ranar da aka raba wa masu haƙar kwanon sarki na kwasar ƙasa, sai maigidana ya kifa nasa a ka, ya ɗaure da igiya a haɓa, yana dariya.

"Dubi hular ƙarfe. Gammo kuma na bar wa mata."

Na ce, "Maigida, ƙarfe ba ya riƙe abu, mayar da shi yake yi. In taɓarya ta faɗa cikin jiƙaƙƙen gero kwanciya take. In ta sami turmi ba kome ta yi tsalle, a nan turmi ke tsagewa."

"Mi kika sani ga rijiya? Kaina ba turmi ba ne."

Kullum da azahar nakan kai masa fura in tsaya ina leƙe. Ramin ya yi zurfi har ba na ganin kome sai ƙyallin kwanon. Ran nan ana jawo kwandon ƙasa, igiya tana gogar bakin rijiyar, na ga wani dutse kamar dunƙulen hannu yana motsi a ƙarƙashinta.

Kafin in yi ihu ya suɓuce. Muka ji ƙarar kwanon, dutsen ya yiwo sama, ya bugi bango, sannan ya koma ƙasa.

Ƙanensa, da ke jan igiyar a sama, ya kira shi, shiru. Ya kama igiya ya sauka.

Da aka fito da shi idonsa a buɗe yake, babu jini ko ɗigo, kwanon ma ɗan lotsawa kawai ya yi. Mai ɗori ya zo ya shafa ƙeyarsa zuwa wuya, ya janye hannu.

Na zauna na riƙe hannunsa da ƙarfi, ina matsawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ki kama mini hannu mana."

Bai kai Juma'a ba.