Tibila, Gawar Finafinan Kumasi

Maame Konadu mai dokunu ce ta fara ba ni labarin Tibila, tun ban taɓa sa shi a ido ba. Rubuta sunanta da kyau, Afiriye jikata, don in aka manta da ita, ko daga lahira sai ta aiko mini da zagi.

Na je rumfarta nan unguwar Asafo cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da kifi, sai ta ce, "Wofa Ampofo, kai da kake sana'ar akwatin gawa, ka ji labarin ɗan Mosin nan mai tura kura a kasuwar Kejetiya? An ce ya fi matattu iya mutuwa."

Na ce, "Maame, yajinki ya fara hau miki kai."

Ta ce, "To zauna nan. Har shagonka za su kawo shi."

Haka kuwa aka yi.

Shi Tibila daga wani ƙauye ya fito can wajen Manga, a ƙasar Mosi. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka ya biyo motar shanu ya gangaro kudu. Da zai taho ya ce wa uwarsa Poko, "Inna, a kan sabon keke zan dawo miki." Don a wurinsu wanda ya je ci-rani ya dawo da ƙafa, gara bai dawo ba. Ya yi ƙwadago a gonar koko, abin bai karɓe shi ba, ya shigo gari ya kama tura kura. Yarenmu ya ji shi sarai, amma in ya buɗe baki kamar yana tauna tsakuwa. Shi ya sa bai cika magana ba.

A lokacin akwai wani Bonsu, mai ɗaukar hoton bidiyo a wurin makoki. Da ya ga kyamara ta zauna masa a hannu, sai ya ce shi ma fim zai yi. To mu kuwa, fim in babu makoki a ciki ai ba mu kalli komai ba. A nan gizo ke saƙar: wa zai shiga akwati? Wani saurayi ya gwada sau ɗaya. Kafin a rufe kyamara kawunsa ya iso da rabin dangi, aka fizgo shi waje, aka yanka tunkiya aka wanke shi, aka kuma ce wa Bonsu in ya sake zai ga abin da ya fi fim. Ɗan da yake da dangi ba ya kwanciya a akwati da ransa.

Ana cikin haka Bonsu ya bi ta Kejetiya da tsakar rana, ya ga mutum kwance a kan kura yana barci. Motoci na ta ƙaho, mata na ta ciniki, ƙuda na yawo a kan hancinsa, ko motsi. Bonsu ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya taɓa shi.

"Kai ɗan arewa, kana da kawu a garin nan?"

Tibila ya ce, "Ba ni da kowa, maigida."

"Madalla. Ka samu aiki."

Akwatina su Bonsu suke haya, shi ya sa na ga yadda yake aikin nan da idona. Kada ki ɗauka kwanciya ce kawai. Mutumin nan ranar Asabar sai ya ɗaura baƙin zane ya bi gidajen makoki, ba don giya ba, don ya ga yadda leɓen mamaci yake sauka, da yadda yatsu suke lanƙwashewa. In za a ɗauka gobe, yau ba ya cin wake. Numfashi kuwa dabara ya yi masa. Ya shirya da matan da ke kuka cewa in suka ga babban yatsan ƙafarsa ya ɗaga zane, ɗaya ta faɗo kan ƙirjinsa tana kururuwa. Tana rufe shi, sai ya ja iska. Wadda ta fi iya faɗowar ita ce Maame Konadu, sai dai nauyi gare ta. Yakan ce mata, "Maame, a hankali, gawar nan haya ce."

Ya kwanta a matsayin basarake da zinariya har wuya. Ya kwanta a matsayin attajiri mai mata suna kokawa a kansa. Har tsohuwa ya taɓa zama, aka ɗaura masa kallabi. In ya bi titi yara na kira, "Gawa, ina kwana?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, ƙasa ce dai da sanyi." Kura kam ya daina turawa. Ya yi ƙiba, ya kama ɗaki mai siminti.

Sai wata rana Salfo ya zo nemansa. Salfo direban motar goro ne, ɗan yankinsu, shi ke kai-komo tsakanin nan da can. A shagona ya same shi, ana gwada masa sabon akwati.

Salfo ya ce, "Na zo da saƙon tsohuwa. An kai ta gidan kallo a kasuwar Manga, ta gan ka."

Tibila ya tashi zaune a cikin akwatin. "Wayyo! Ka gaya mata wasa ne?"

"Ta riga ni sani. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ga kunnenka ya motsa. Cewa ta yi: kowa a cikin abin nan yana da baki, har kare ya yi haushi, sai ɗanta kaɗai. Ta ce ta manta yadda muryarka take. Ta ce ta ga ka iya kwanciya, to ka nuna mata ka iya tsayuwa tun idonta na gani."

Tibila ya fito daga akwatin, ya sa takalminsa a hagunce, ya tafi.

Daga ranar ya ƙudura shi ma zai yi nasa fim, wanda zai tsaya da ƙafarsa ya yi magana daga farko har ƙarshe. Bai iya rubutu ba, kamar ni, to a ka ya tsara labarin: baƙon da ya zo ƙwadago gonar koko, ya dasa itace a ƙasar da ba tasa ba. Kyamarar Bonsu ba ta samuwa sai an tashi daga makoki, don haka Tibila ya riƙa bin sa duk Asabar. Da an gama, tun jama'a ba su watse ba, sai ya roƙi masu makoki su ɗan tsaya. Taro kyauta, rumfa kyauta, makaɗa sun riga sun yi zafi. Shi ya sa a fim ɗin nan ko biki ake yi, kowa da ja da baƙin zane. Shi ke gaya wa kowa abin da zai faɗa, sannan ya ruga gaban kyamara ya faɗi nasa.

Da aka gama, aka toshe tagogin wani ɗakin taro da buhuna, aka tara mutane don gwaji. Tibila na fitowa a fim ɗin ya ce "Sannunku", ɗaki ya ɗauka: "Gawa ta yi magana!" Daga nan sai jira. Ya zauna cin fufu, wani ya ce, "Shi ke nan, da guba a ciki." Ya hau bishiya, wata ta ce, "Yanzu zai faɗo." Ya tsallake titi, aka riƙe numfashi. Fim ya ƙare yana tsaye a gonarsa yana dariya. Ba wanda ya tashi. Can wani tsoho ya ce, "To ina sauran?"

Bonsu ya ja shi gefe. "Fim ɗinka ya yi kyau, na rantse. Amma mai zuwa kallon Tibila makoki ya zo gani. Ka mutu a ƙarshe, in sayar maka da shi har Takoradi."

"Maigida, don in tsaya na yi shi."

"To tsaya da shi a ɗakinka."

Ya zo shagona ya zauna a kan katako, ya daɗe yana wasa da ɓawon itace. Can ya ce, "Wofa, akwatin nan mai hannun azurfa yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Zan mutu musu. Amma ranar Lahadi ka bar mini shagon."

Ya mutu musu kuwa, mutuwar da bai taɓa yin irinta ba. Ranar Lahadi da azahar, daga ni sai shi sai mai kyamara. Ya aro keken maƙwabcina tela ya jingine a bakin ƙofa. Ya kwanta, aka fara ɗauka. Sai ya buɗe ido. Ya tashi zaune, ya cire audugar hancinsa, ya ninke zanen tsaf, ya fito ya tsaya. Ya dubi kyamara ya kama magana da yarensu, tiryan-tiryan, ba tsakuwa ko ɗaya a bakin. Ashe muryarsa zaƙi gare ta. Yana gamawa ya hau keke, ya kaɗa ƙararrawa, ya fice.

Na ce, "Me ka faɗa haka?"

Ya ce, "Cewa na yi: Inna, ni ne. Ga ƙafafuna, ga haƙorana, ɗaya ne kawai babu. Na tambaye ta ko bishiyar kukar da ke bayan gidanmu tana nan. Na ce ta jiƙa daddawa, ina hanya."

Kaset ɗaya tak aka yi mai wannan ƙarshen, ya ɗaure shi da jan zare. Salfo ya ce kawo in kai. Tibila ya ce a'a, so yake yana zaune kusa da ita in ta gani, kuma a kan keken nan zai shiga ƙauye, tunda shi za ta gani a hoto. Sai da ya matsa wa tela har ya sayar masa.

Fim ɗin ya karɓu. Nan fa masu fim suka yi masa ca, wannan ya ce zo ka shirya mini, wancan ya ce zo ka fito mini. Yanzu har magana ake ba shi, kafin a kashe shi. Ya ce bayan kakar koko zai tafi gida. Kaka ta wuce, ya ce in ruwa ya ɗauke. Ana haka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai yi mako ba.

Ni na yi masa akwati, ban ko ɗauko ma'auni ba. Ranar makokinsa Asafo ta cika, amma kuka ya ƙi zuwa da wuri, kowa na kallon ƙafarsa. Maame Konadu ta tsaya a kansa ta daɗe tana jiran zane ya ɗaga. Da ta gaji da jira, ta faɗa kan ƙirjinsa haka nan.

Salfo ya kai wa Poko labari. Ya ce tana sussukar dawa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sau nawa na ga ya mutu? Ya saba. Zai tashi."

Bara da Salfo ya biyo ya ce tsohuwar tana nan, ido ya yi rauni amma kunne garau, kuma in ta ji ƙararrawar keke sai ta sa a leƙa mata. Ga keken can bayan katako, iskar taya ta sace. Kaset ɗin yana kan kantar sama cikin leda, da jan zarensa. Salfo ya ce in na yarda ya ɗora su a kan buhunan goro, duk Alhamis motarsa ke tashi. Har yau ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Tibila cewa ya yi shi zai kai da kansa.