Bokitin Martine

Shekara goma sha tara Martine tana shara a wani ƙaramin asibiti da ke gindin dutse, yamma da garin Mora. Gajeruwa ce mai ƙwarin hannu, 'yar manoman kan dutse, ba ta da yawan magana. Ɗakin haihuwa ne nata: ta wanke gado, ta goge jini, ta ɗauki bokitin mabiyiya ta kai ramin bayan katanga ta juye.

Masu haihuwa a ɗakin kusan duk matan gari ne, na 'yan kasuwa da na malaman makaranta. Matan kan dutse kuwa sai su sauko awo sau ɗaya, su karɓi gidan sauro, shi ke nan, sai dai a ji sun sauka lafiya ko a ji an yi rashi. Fulbert, shugaban masu jinya da kowa ke kira Majo, mutumin kudu ne, ga kirki, ga son dogon bayani. Duk wata sai ya tara ma'aikata ya ce matsalar nisa ce da jahilci. Martine tana bakin ƙofa da tsintsiyarta, ta san rabin gaskiya ya faɗa, amma ba ta ga hurumin mai shara a taron masu farar riga ba.

A al'adar mutanen kan dutse, a ƙaramar tukunya ake sa mabiyiya, a binne a bayan ɗakin mai jego. Ɗan da ba a yi wa haka ba, ana ganin ba shi da gindin zama a gidan ubansa.

Sai Colette, matar ƙanenta, ta zo awo da cikin fari, ƙafafu a kumbure, jini ya hau. Majo ya ce ko kusa kada ta haihu a gida. Ranar Asabar Martine ta hau dutse wurin mahaifiyarta, don a gidan maganar tsohuwar ce magana.

"Inna, in ta zauna a nan za ta iya mutuwa."

Tsohuwa ba ta daina tsince wake ba. "Mabiyiyar jikana ba za ta shiga rami ɗaya da ta baƙi ba. An ce ma ke ce mai zubarwa."

Maganar ta yi wa Martine zafi ƙwarai, don ba ƙarya aka yi mata ba. Sai ta ce, "In na kawo miki da hannuna fa?"

"Kawo in gani."

Kashegari, ranar kasuwar Mora, ta sayi tukunya. Litinin ta dire ta a teburin Majo, ta yi masa bayani da guntun Faransancinta, inda ya ƙare ta cike da Hausa. Ya dubi tukunyar, ya dube ta.

"Dalilin ke nan, Mama Martine? Ai ba abin da ya hana a ba su."

Bayan mako uku aka sauko da Colette a kan babur. Da tsakar rana, tana kan gado, jijjiga ta kama ta, idanu suka juye. Allurar tsayar da jijjiga tana kusa, masu yin ta suna kusa. Kafin la'asar ta haifi 'ya mace, ita ma ta farfaɗo. Martine ta wanke hannu, ta sa mabiyiyar a tukunya, ta rufe bakinta da ƙyalle, ta goya ta a baya ta kama hanyar dutse, tana tafe tana kuka don murna.

Tsohuwa ta buɗe, ta duba, ta sa aka haƙa rami. Matan unguwa suka taru suna kallo, masu ciki uku a cikinsu, suna tambayar Martine ko su ma za a yi musu haka. Ta ce za a yi.

Har ta ɗaura zane za ta koma, wata maƙwabciya mai suna Nadine ta janye ta gefe. Shekara goma sha biyu da suka wuce naƙuda ta kama Nadine a kasuwa, aka kai ta asibitin. Har yau, in ana zancen rabon gona, dangin mijinta sukan tsallake sunan ɗanta.

"Yaya Martine," ta ce a hankali, "tawa fa? Ko kin tuna wajen da kika zuba?"

Martine ta tuna da ranar sarai, har kalar zanen da Nadine ta ɗauro. A rami ɗaya ake zuba ta kowa, kuma tun daga ranar sau biyu ana cike shi a haƙa sabo.