Furfura da Ƙararrawa Biyu

Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar mishan. Ni na zama malami, shi ya gaji gidan burodin mahaifinsa. Tun yana saurayi muke kiransa Furfura, don fulawa ba ta rabuwa da kansa.

Tanderu biyu ne a gidan, kowane da ƙararrawarsa. Mai siririyar murya ta ƙananan burodi masu sukari ce, mai kaurin murya ta manya. Yakan ce kafin ƙarar ta mutu, ƙanshin ya riga ya iso hancinsa.

Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ƙafa ta warke, hannu ya warke, amma wannan baiwar ta tafi. In ƙararrawa ta kaɗa ya san wani abu ya gasu, bai san wanne ba. Sai ya buɗe wa manya suna ɗanye, ƙanana na can suna ƙonewa. Babban ɗansa ya ajiye masa kujera a bakin ƙofa.

"Baba, ka huta. Ka riƙa gaisawa da masu saye."

"Ni maigadi ne?"

Likitarsa ta sa shi cikin wani bincike, ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ni nake raka shi. Akan ɗora masa wani ƙarfe mai maganaɗisu a goshi yana ƙas-ƙas, a nuna masa hoto, sannan bututu ya huro ƙanshi. Bayan hoton makulli ƙanshin lemo, bayan hoton takalmi na burodi. Nasa shi ne ya faɗi wanda ke tafe. Ta ce suna duba yadda ƙwaƙwalwa ke koyon jiran abin daɗi takamaimai.

Kowane hoto ya fito, Furfura ya ce, "Burodi."

Na ce, "Kai ko akuya aka nuna maka, burodi za ka ce."

"Malam, ji da jaridarka."

Wata safiya makulli ya fito. Na ga ya yamutsa fuska ya haɗiye yawu, bututu bai ko hura ba.

"Lemo! Har tsaminsa na ji!"

Ko ƙarfen ne, ko yawan maimaitawa, likita ta ce ba ta sani ba tukuna. Shi bai tsaya jiran amsa ba. Muna bakin ƙofar gidan burodin ran nan siririyar ta kaɗa. Ya miƙe, ya raɓa ɗansa, ya nufi tanderun hagu, ya zaro ƙanana sun yi ja daidai. Ɗan ya miƙa masa tire na biyu.

Ya waiwayo ya ce, "Malam, riƙe kujerar nan. Kai ne ɗan fansho."