Sabela da Kwalekwalen Dutse

A birnin Santiago, duk masu gadin babban coci sun san Sabela mai sayar da kyandir. Matar masunci ce daga bakin teku, ta dawo nan bayan ruwa ya ci mijinta Breixo.

Maziyarta kan hau bayan bagadi, su rungumi mutum-mutumin Manzo Yakubu, majiɓincin birnin, ta baya, su roƙi bukatunsu. Ita ma kowace safiya takan lallaɓa gwiwoyinta ta hau, amma ba ta roƙon komai.

Wata rana Anxo mai gadi ya tsokane ta. "Iya, kin tsayar da layi! Me kike raɗa masa ne, ko neman aurenki yake?"

"Rufe min baki, ja'iri," in ji ta. "Tambayarsa nake. An ce kwalekwalen dutse ne ya kawo gawarsa ƙasar nan, bai nutse ba. Na Breixo kuwa na katako ne, sabo fil."

"To, me ya ce?"

Ta gyara mayafinta. "Kunya ta hana shi juyowa. Shi ya sa nake rungumarsa, kada ya ɗauka fushi nake yi."