Jerin Manoman Fadama da Yaya Habu Ya Bari

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba.

A ƙarshen zamanin arzikin man fetur aka kawo kwamfuta guda ofishin da ke kula da gonakin fadamar Haɗejiya, aka danƙa masa. Ni ce mai buga sunaye, shi kuma yana rubuta umarnin da na'urar za ta bi: koma farkon rajista, karanta wannan manomi, matsa zuwa na gaba, tsaya in an kai ƙarshe. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. Kowane umarni da layinsa, a samansa kuma bayani da Hausa. Na sha yi masa tsiya cewa na'ura ba ta jin Hausa, shi kuwa sai ya ce wanda zai gaje shi yake rubuta wa.

Bai jera manoma bisa haruffan sunayensu ba. Ya jera su ne yadda gonakinsu suke a bakin kogi, bi da bi yadda ruwa ke gangarawa. Duk shekara ambaliya tana shafe iyakoki. In ruwa ya janye aka fara gardama, sai a nemo sunan mutum, a matsa gaba ɗaya, a koma baya ɗaya, ga maƙwabtansa biyu. Babu inda aka rubuta wane maƙwabcin wane ne, jerin shi ne shaidar.

Yanzu za a kwashe rajistar zuwa sabuwar na'ura, a jera sunaye bisa haruffa. Gonar shinkafar da Habu ya bar wa matarsa, Yaya Hauwa, tana tsakanin Muhammadu biyu ne, a garin da Muhammadu ba su ƙirguwa, kuma dattawan da suka san iyakar duk sun kwanta dama. Da yana raye, na san da tuni ya tafi ofishin da sandarsa.

Ni na je a madadinsa. Ma'aikaciyar da aka ba aikin ta buɗe tsohon rubutun umarnin Habu don dai kada ta kunyata ni, sai na ga ta gyara zama. Ta karanta har ƙarshe ba ta tambaye ni komai ba.

"Hajiya, na gane abin da ya yi," in ji ta. "Amma umarnin daga sama ya zo. Zan rubuta musu, ban dai yi miki alkawari ba."

Abin da ya rage na Habu ke nan: rubutun da wadda ba ta taɓa ganinsa ba ta karanta ta fahimta. Ko hakan zai isa, Allah kaɗai Ya sani. Jiya Yaya Hauwa ta tambaye ni ko ta sa a yi mata shuka bana. Na ce ta shuka, amma na kasa haɗa ido da ita.