Gencho Mai Ƙeyar Sufeto

Gencho Radulov ya zauna a hawa na huɗu, ni a na uku, shekara talatin da ɗaya, a benenmu da ke unguwar Nadezhda a Sofiya. Na san takunsa fiye da na marigayi mijina, domin daɓen ɗakinsa shi ne rufin nawa. Ni ce Totka, wadda ta yi shara a tashar jirgin ƙasa har ƙarfi ya ƙare. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma baki kam an ba ni, kuma Gencho ne ya fi kowa shan sa.

Mai walda ne tun yana saurayi. A wurin aikin ne ƙarfe ya faɗo masa a ƙaramin yatsan hagu, ya warke a karkace. Da aka rufe masana'antarsu, ya yi shekara biyu zaune a benci a ƙofar bene yana kallon tattabaru, matarsa Zdravka tana ɗinki a sama.

Wata rana da kaka ya je kasuwa sayo kabejin da za su tsuma a ganga. Yana tafe da buhu a kafaɗa, sai wani mai gemu ya biyo shi da gudu yana kiran, "Asparuh! Asparuh!" Gencho ya waiwayo. Mutumin ya dubi fuskarsa, murnarsa ta koma ciki, sannan ya ce, "Kawu, don Allah sake juyawa."

Mai gemun nan shi ne Plamen, daraktan wasan 'yan sandan da ake nunawa a talabijin duk Lahadi da yamma. Asparuh kuwa shi ne tsohon ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Sufeto Barakov, wanda duk ƙasar ta sani. Gwiwoyinsa sun gaji, hannunsa ya fara rawa. Gencho kuma ta baya kamar an tsaga kara: wuyan, sanƙon, faɗin kafaɗar, har ɗan jan ƙafar.

Plamen ya ɗauke shi ya riƙa tsaya wa Asparuh duk inda ba a nuna fuska. Shekara tara Gencho yana wannan aiki. In Sufeto zai hau matakala, Gencho ne. In zai tsaya cikin ruwan sama yana kallon gawa, Gencho ne. In an nuna hannu yana kunna taba ko yana ɗaga mayafi daga fuskar wanda aka kashe, hannun Gencho ne. Karkataccen yatsan nan ma ya zama na Sufeto, har marubutan wasan suka ƙirƙiro masa labari wai harsashi ne. Daga nan Asparuh ya koma ɓoye hannun hagunsa a aljihu in ana ɗaukar fuskarsa.

Ni kuwa na raɗa masa suna Ƙeya, sunan ya bi shi har wurin mai sayar da burodi.

"Ƙeya, jiya na gan ka," nakan ce masa a benci. "Wallahi ka iya wasa. Yadda sanƙon nan ya nuna baƙin ciki, har na kusa kuka."

"Ke dai ki ji da tsintsiyarki, maƙwabciya."

"In kai ne da gaske, me ya hana ka juyo ka gaishe mu? Ko sau ɗaya?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ranar tana zuwa."

Abin da yake so ke nan a duniya, ba wani abu ba. A ga fuskarsa sau ɗaya a cikin wasan da ya ba wa shekara tara. A shekara ta tara Plamen ya yi masa alkawari: zai fito a matsayin mai gadin wani sito, da fuskarsa, da maganarsa jimla biyu. "Ƙofar a kulle take tun jiya, yallaɓai. Makullin yana wurina." Wata uku yana maimaita su. Ina jin sa ta rufi, yana kai da kawo, wani lokaci da kakkausar murya, wani lokaci a hankali. Sai in ɗauki sandar tsintsiya in buga sama in ce, "Mun ji! A kulle take! Ka bar mu mu ci abinci!"

A watan Fabrairu, saura mako biyu a ɗauki wurin mai gadin, Asparuh ya faɗi a kan teburin cin abincinsa, zuciya ta tsaya. Gencho ya je jana'izar, ya tsaya can baya, ba wanda ya san shi.

Kwana goma sha biyu bayan haka Plamen ya hawo benenmu da kansa. Ina ganin shigarsa na tuna gishirina ya ƙare, na bi shi sama. Na tarar da su a kicin, Zdravka ta ajiye masa kofi.

"Kawu Gencho, labarin ya canza," in ji shi. "Mai gadi ya fita. Dole mu kashe Sufeto a cikin wasan. Za a harbe shi ta baya, wannan mai sauƙi ne, ka saba. Amma akwai jana'iza."

Plamen ya kurɓi kofin, ya ci gaba.

"Ba za mu rufe akwatin ba. Tsofaffin ƙasar nan ba za su yafe mana ba, a ce an binne Sufeto a rufe kamar wanda aka tsamo daga kogi. Za mu ɗauka daga wajen kai, a ga kwat ɗin, a ga hannuwa riƙe da kyandir. Mutane sun san hannuwan nan. In mun gama sai ka tashi, ka canza riga, ka tsaya a sahun gaba cikin masu makoki. Kyamara za ta tsaya a fuskarka, na yi maka alkawari."

Zdravka ta ajiye cokalin da ke hannunta. "Mutumin bai cika kwana arba'in da rasuwa ba," ta ce. "Yana nan yana zagaya duk inda ya saba zuwa. Zai zo wurin aikinsa ya tarar da wani kwance a akwatinsa, sanye da kwat ɗinsa. Mai rai ba ya kwanciya a akwatin gawa, Gencho. Uwarka ma da tana nan da ta faɗa maka."

"Shekara tara ina sa kwat ɗin nan, Zdravka."

"Lokacin mai shi yana numfashi."

Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, sai na ce, "Bar shi mana, ai gwaji ne. Ya ji ko girman ya yi masa daidai, kada ranar ta zo a yi ta fama."

Ba wanda ya yi dariya. Plamen ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ya ce, "Inna, kina da baƙaƙen kaya? Muna neman tsofaffi a cikin masu makoki."

Zdravka ta ce ita ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Da safen ranar ta ɗaura masa jan zare don tsari. A wuyan hannu ake ɗaurawa, amma tunda hannun za a nuna, sai ta durƙusa ta ɗaura masa a idon sawu, ƙarƙashin safa. Ba ta ce masa sai ka dawo ba.

Wani ƙaramin coci ne a gefen maƙabarta, bayan gari. Limamin cocin ya ba su zuwa ƙarfe biyu, domin akwai jana'iza ta gaske bayan nan. Sanyin cikinsa ya fi na waje, an kuma hana kunna abin ɗumama wuri saboda ƙararsa tana shiga na'ura. Suka shafa wa hannuwan Gencho hoda mai ruwan toka. Fuskar ba su taɓa ta ba, tunda ba za a gan ta ba. Ya cire takalmi ya hau ya kwanta, aka haɗa masa hannuwa a ƙirji, aka soka kyandir tsakanin yatsunsa.

Mu kusan arba'in ne, kowa da jajayen furanni biyu, kamar yadda ake kai wa mamaci. A bi layi, a ajiye a ƙirjinsa, a sunkuya, a wuce. Sai Plamen ya ce a sake. A kwashe furannin, a raba mana, a sake bin layi. Wani ya yi tari, a sake. Wata ta kalli kyamara, a sake. Tun tara na safe har rana ta raba.

A zagaye na farko da na biyu ban dube shi sosai ba, ina ta lura da kada in taka waya. A wani zagaye can, na gaji, ƙafafuna sun mutu, na ce bari in tsokane shi ko ya yi motsi a sake saboda shi. Na sunkuya kamar mai sumbatar goshi, na raɗa masa, "Ƙeya, ƙofar a kulle take?"

Ko gashin idonsa bai motsa ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Kakin kyandir ya narke ya gangaro kan karkataccen yatsan, ya daskare, wani ya hau kan wani, shi kuwa bai janye ba. Na tsaya ina neman ƙirjinsa ya ɗaga, furanni sun rufe shi, ban ga komai ba. Haka mijina ya kwanta, haka leɓɓansa suka yi. Abin da na faɗa a kicin ya dawo mini, maganar gwaji. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, irin mai fitowa daga ciki, baki a buɗe, majina da komai. Na ji muryar Plamen a bayana ƙasa-ƙasa yana cewa, "Kada a tsaya. A matso kanta."

Biyu saura kwata motar gawa ta gaske ta tsaya a ƙofa, dangin mamaci suna tsaye a waje cikin dusar ƙanƙara. Limamin ya shigo yana tafa hannu. Nan da nan aka fara naɗe wayoyi. Gencho ya buɗe ido, ya yunƙura ya zauna, furanni suna zuba daga jikinsa.

"Yanzu sai sahun gaba?" ya tambaya.

Plamen ya dubi agogonsa, ya dubi ƙofa. "Kawu, kai ma ka gani. Amma mun samu abin da muke so, wallahi ka yi ƙoƙari."

Ni na ɓamɓare masa kakin, na buɗe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙi miƙewa. Muka hau bas zuwa gida. Da muka iso, Zdravka na tsaye a ƙofa da buta. Ta zuba masa ruwa ya wanke hannu kafin ya shiga, kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga maƙabarta.

An nuna wasan bayan arba'in ɗin Asparuh da 'yan kwanaki. Mu uku muka kalla a ɗakinsu. Ga ƙeyar, ga harbi, ga shi ya kifa. Ga coci, ga hannuwa da kyandir. Sai ga fuskata ta cika talabijin, kowace tamoji a fili, ina ɓarke baki, an kuma daɗe a kaina har na ji kunya ta rufe ni. Daga ƙarshe aka sa hoton Asparuh yana murmushi, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. Sunaye suka wuce a guje.

Gencho ya ce, "Kin yi kyau, maƙwabciya."

Ya tashi ya fita baranda ya tsaya, ya ba mu baya. Ba mu kira shi ba.

Wasan ya ci gaba da sabuwar sufeto, mace, mai gashi har kafaɗa. Ba a sake kiran Gencho ba. Ya koma benci da tattabarunsa. Na daina kiran sa Ƙeya, shi kuma ya lura.

"Me ya sami bakinki, Totka? Ko an yi miki walda?"

"Tsufa ne."

"Ƙarya kike. Tun da kika zama tauraruwa kike ji da kanki."

Wannan ce tsokana ɗaya da ya taɓa yi mini.

Ya yi shekara biyu da 'yan watanni, tari yana cin sa. Likita ya ce hayaƙin walda ne na shekara talatin. Zdravka ta ce akwatin ne. Ni ba na shiga wannan gardama. Ya rasu a watan Nuwamba, a gadonsa, da rana tsaka. Na ji lokacin da takun Zdravka ya tsaya cak a samana.

Da za a buga takardar rasuwa, irin wadda muke mannawa a ƙofofi da hoton mamaci, Zdravka ta zazzage kwalin hotunansa. Na wurin aiki sun fi hamsin, duk ya ba da baya, ko kuma hannu ne kawai. Sai da muka koma ga hoton katin shaidarsa, wanda ya zare ido kamar an kama shi da laifi. Na karɓi takarda talatin da kwalbar gam. Na manna a ƙofar bene, da tashar bas, da bishiyar da ke gaban mai burodi, da bakin kasuwar da aka fara ce masa ya juya. Na yi haka ranar arba'in, na sake ranar cika shekara.

Har yau ana tare ni a kasuwa. "Inna, ba ke ce kika yi kukan nan a jana'izar Sufeto ba? Kin sa uwata kuka." Ina da takarda ɗaya a naɗe a jakata, ta fara yagewa ta wajen naɗin. Sai in fito da ita in buɗe in ce, "Hannuwan da kuka gani a akwatin, ga mai su. Gencho Radulov, mai walda, hawa na huɗu. Ku dube shi." Wasu sukan ce Allah ya gafarta masa su wuce. Wasu sukan nemi ɗaukar hoto da ni. Nakan yarda, amma sai na ɗaga takardar kusa da kumatuna.