Takalman Hajo a Cikin Jaka

Hajo 'yar Funtua ce, matar Abdulsalami da ke yin digiri na uku a Jami'ar Aston, a Birmingham ta Ingila. Shekara huɗu ta yi tana aikin carer, wato kula da tsofaffi, a unguwar Erdington: ta shiga gidan tsoho, ta ba shi magani, ta haɗa masa shayi, ta wuce gida na gaba. A shekarun nan ne council, hukumar garin, ta yi ta tsuke bakin aljihu, har ziyarar awa guda ta koma minti goma sha biyar.

Cikin tsofaffinta akwai Alfred, mutumin Italiya da ya tsufa yana sayar da askirim a mota. Baba take ce masa. Minti goma sha biyar ba ta ɗaukar labari, sai ya riƙa ba ta garinsu gutsure-gutsure, kamar mai rabon goro.

"A garinmu, Hajo, gajimare ƙasa yake kwana. Ki leƙa taga da safe ki gan shi yana kiwo a kwari kamar tumaki."

"Baba, haɗiye maganin tukuna, sai mu ga tumakin."

"Ke dai ba ki da tausayi. Wa ya yarda ya aure ki?"

"Wani mai haƙuri, ba irinka ba."

A haka ta samu labarin zuciyar azurfa. Yana ɗan shekara bakwai zazzaɓi ya kusa ɗauke shi, mahaifiyarsa ta hau wani tsohon wurin ibadar Kirista da ke ƙololuwar dutsen garin, ta yi bakance: in yaron ya tashi, za a kawo zuciyar azurfa a rataye a bango. Ya tashi. An sayi zuciyar, amma kafin a kai ta yunwar bayan yaƙi ta koro su Ingila, zuciyar ta shekara saba'in cikin gwangwanin shayi.

Sai council ta ce Alfred ba zai ƙara zama shi kaɗai ba. 'Yarsa Rhoda za ta tafi da shi gidanta a Rusholme, can Manchester. Ranar sallama Hajo ta ce masa maigidanta yana da taron masana a Italiya, za ta bi shi. Tsohon ya miƙa mata gwangwanin da hannu biyu. Ya buɗe baki zai ƙara wata magana, ya kalli ƙafarta, ya fasa.

"Yanzu ke coci za ki, Hajo?" in ji Abdulsalami da ta nuna masa.

"Amana zan kai, Baban Raki. Bakin ƙofa zan tsaya in miƙa."

"To ni a gindin dutsen za ki same ni. Gwiwata ba ta yi wa kowa alkawari ba."

Bayan taron suka hau jirgin ƙasa, suka hau bas mai nannaɗe dutse kamar rawani. Garin ya fito daga hazo a hankali: hasumiya da farko, sannan rufin jan tayal, sannan lunguna na dutse waɗanda mutum biyu ba sa jerawa. Tsofaffin mata na zaune bakin ƙofa suna ɓarar wake, zama irin na matan unguwarsu. Ƙamshin itace da burodi. Hajo ta riƙa gane wuraren da ba ta taɓa gani ba. Ga rijiyar da ya ba ta labari ran wata Litinin. Ga matakalar da ya faɗi ya fasa haɓa. Ta leƙa kwari, ga tumakin Baba, farare, suna kiwo ba makiyayi.

A ƙarshen gari akwai wata ƙofar dutse mai gicciye a samanta. Hajo ta ɗauka daga nan harabar ta fara, kuma wanda ya tashi a hannun Innarta ba ya taka wurin ibadar mutane da takalmi. Ta cire ta jefa a jaka, tana zaton taku ashirin ne.

Ashe tafiyar awa ce, kan tsakuwa mai sanyi. Ta so mayar da takalman, sai ta ji hirar wasu mata da ke bayanta ta ɗauke ɗif. Ɗaya ta matso ta dafa kafaɗarta, ta ce wani abu a hankali. Kunya ta hana Hajo buɗe jakar. Ta ci gaba, ƙararrawa na kiran wani daga sama, hazo na buɗe mata hanya yana rufewa a bayanta.

Daga bakin ƙofar ɗakin ibadar ta hango bangon, zukatan azurfa sun rufe shi suna ƙyalli a hasken kyandir. Ta miƙa wa tsohuwar da ke tsaron wurin zuciyar da ta kawo, ta faɗi sunan Alfred da na mahaifiyarsa. Tsohuwar ta rataye, ta kalli ƙafar Hajo, ta tafi ta dawo da ruwan ɗumi a kwano. Hajo ta yi ta ba da haƙuri, a zatonta dandamalin ta ɓata musu.

Kwana biyu da dawowarsu Birmingham Rhoda ta bugo waya. "Baba ya daina cin abinci. Sunanki yake ta kira."

Hajo ta hau coach, babbar bas mai zuwa Manchester. A wani ɗaki da bas-bas na Wilmslow Road ke girgiza tagarsa ta same shi, ya ƙanƙance cikin bargo. Ta nuna masa hoton zuciyar a bango. Ya daɗe yana kallo, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Na gode, 'yata. An cika rabi."

"Rabi kamar yaya, Baba?"

"Mahaifiyata cewa ta yi a hau dutsen ba takalmi. Haka masu bakance suke yi a wajenmu. Na kasa roƙonki. Ba addininki ba, ba uwarki ba, da wane baki?"

Hajo ta zauna a bakin gado ta zare safa. Tafin ƙafarta duk filasta.

"Ni fa na ɗauka daga ƙofar nan ta ƙasa aka shiga wurin. Wa ya gaya mini tafiyar awa ce? Da ka ji abin da na riƙa ce maka a zuci, da ba ka gode mini ba."

Alfred ya kalli ƙafar, ya kalle ta. Dariya ta taso masa daga ƙirji har ta koma tari, hawaye na bin kunnensa.

"Rhoda! Miyar nan da na ƙi, ɗumamo ta." Ya kamo hannun Hajo. "Yau minti nawa kike da shi?"

"Sai coach ɗin ƙarfe shida."

"To fara daga rijiya. Kada ki tsallake komai."